A daina auna wifi da matsakaici: wasiƙa daga Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin mu yi magana kan wani abu da ke cin kuɗin jama'a a nan Damagaram ba tare da an lura ba. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa, wasunmu aikinsu haɗa rezo ne da gyaransa, wasunmu kuma lissafi suke koyarwa.

Wifi ya bazu a garin nan. Daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, ba ka rasa inda ake sayar da tike na awa ɗaya ko na yini, ga makarantu da ofisoshi da gidajen shan magani kowa ya kafa nasa akwati, wato na'urar da ke watsa wifi. Tun da Starlink ya fara aiki a ƙasar nan a 2025 abin ya ƙara yawa. Kukan kuma iri ɗaya ne ko'ina: da hantsi komai lafiya lau, amma bayan Isha'i sai kiran WhatsApp ya riƙa yankewa, bidiyo ya tsaya yana juyi. Mai wurin ya buɗe zanen da akwatinsa ke nunawa, ya ga ko rabin megan da ya saya ba a ci ba, sai ya ɗora wa kamfani laifi, ko ya je ya ƙara kuɗi ya sayi babban kaso. Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba. Zanen nan matsakaici yake nunawa, shi kuwa matsakaici yana ɓoye ainihin abin da ke sa mutane jira.

Duk ɗan Damagaram ya san layin pampo, don haka da shi za mu fara. A ce pampo guda yana cika bido mai lita 25 cikin minti ɗaya, wato bido 60 a awa. Idan mutum 30 suka zo cikin awar, kowane minti biyu mutum guda, babu mai jira. Ka ajiye bidonka, ya cika, ka ɗauka ka tafi. Amma a ce ruwa ya kwana biyu bai zo ba, aka ji ya dawo, ƴan ga-ruwa da mata da yara su 30 ɗin nan suka iso tare. Na ƙarshe sai ya yi kusan rabin awa a tsaye, kuma in aka raba jiran a tsakaninsu kowa ya sha kusan minti 15. A littafin mai pampo awoyin nan biyu daidai suke, bido 30, rabin ƙarfin pampo. A ƙafafun masu tsayuwa kuwa ba daidai suke ba.

Bayanai ma haka suke bin layi. Ana yanka hoto ko murya ko bidiyo ƙunshi-ƙunshi, mafi girmansu yawanci okte 1500, wato bit 12,000. A nan a kula, domin mega iri biyu ne kuma ana yawan ruɗa su: gudun hanya da megabit ake auna shi, girman hoto kuwa da megaokte, kuma okte ɗaya bit 8 ne. To a ce kana da hanya mai megabit 20 a sakan, wayoyi 30 kuma suka buɗe hoto mai megaokte ɗaya a lokaci guda. Jimla megabit 240 ke nan, sai an yi sakan 12 hanyar na cike maƙil kafin a gama. Duk wanda ke kira cikin sakan 12 ɗin nan muryarsa ta shiga uku. Amma zanen yini na akwatin kamfanin MikroTik, da ire-irensa da yawa, matsakaicin minti 5 yake zanawa. Raba 240 gida 300, wato yawan sakannin minti 5, ka sami ƙasa da megabit ɗaya, kashi 4 bisa ɗari na ƙarfin hanyar. Mai wurin zai rantse rezonsa fanko ne, kuma da gaskiyarsa, domin abin da aka nuna masa ke nan.

Lissafin layi tsohon ilimi ne. A 1909 Agner Erlang, wani masanin lissafi da ke aiki a kamfanin tarho na babban birnin Danmak, ya nuna cewa kiraye-kirayen tarho a warwatse suke zuwa, kowane kira bai san da ɗan'uwansa ba. Irin wannan zuwa shi ake kira tsarin Poisson, kuma a kansa aka gina ƙa'idar da ake fara koya wa ɗalibai. Ƙa'idar ta ce idan hanya ta cika rabi, ƙunshi zai ɓata ninki 2 na lokacin da aikinsa ke ci. Idan ta cika kashi 80 bisa ɗari ninki 5, a kashi 90 ninki 10, a kashi 95 ninki 20. Ko wannan kaɗai ya isa darasi, domin yana nuna cewa jira ba a hankali yake hawa ba, yana kwance ne sai daf da cika ya yi tsalle.

Matsalar ita ce bayanan kwamfuta ba su bin tsarin Poisson. A 1993 wasu masu bincike huɗu, Leland da Taqqu da Willinger da Wilson, suka fitar da sakamakon awon da aka yi a rezon cikin gida na kamfanin Bellcore a Amurka. Sun gano cewa ko ka ƙidaya ƙunshi a kowane kashi ɗaya bisa ɗari na sakan, ko a kowane sakan, ko a kowane minti, zanen yana nan da tudu da kwari, ba ya lafawa. Da Poisson ne, da ka faɗaɗa ma'auni sai zanen ya miƙe. A 1995 Vern Paxson da Sally Floyd suka nuna irin haka a manyan hanyoyin intanet. Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne: mafi yawan abubuwan da ake aikawa ƙanana ne, saƙo ko ɗan hoto, amma akwai ƴan kaɗan masu girman gaske, kuma su ne ke riƙe hanya. Bidiyon zamani ya ƙara dagula lamarin. Wayar da ke kallon YouTube ba a hankali take jan bayanai ba, takan zari yanki na ƴan sakanni da iyakar gudun da ta samu, ta yi shiru, ta sake zara. Mai TikTok kuwa duk sanda ya ja yatsa sama sabon zari ne.

Akwai ƙa'idar da John Kingman ya fitar a 1961 da ke shigar da wannan cikin lissafi, kuma kowane ma'aikacin rezo ya kamata ya haddace ta. Jira a layi kusan sakamakon ninka abu uku ne. Na farko cikar hanya a raba da abin da ya rage, wato a kashi 50 ɗaya ne, a kashi 80 huɗu ne. Na biyu ma'aunin rashin daidaito, na zuwa da na aiki, a haɗa a raba biyu. Na uku lokacin aikin ƙunshi guda. A tsarin Poisson abu na biyu bai wuce 1 ba. Idan bayanai na zuwa gungu-gungu har ya kai 10, to hanyar da ta cika rabi kawai za ta ba ka jira sama da ninki biyu na wanda hanyar Poisson ke bayarwa a kashi 80. Ita ma ƙa'idar Kingman tana ɗauka cewa tazarar kowane zuwa ba ta da alaƙa da ta baya, don haka inda gungu ke jan gungu abin da za ta ba ka ya gaza gaskiya. Ka ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin abin da za ka gani.

Duk wannan a kan wayar kebul ne. A iska abin ya fi muni, domin wifi ba pampo ba ne mai ba da ruwa iri ɗaya ko mutum nawa ne a layi. Shi idan aka yi masa yawa ƙarfinsa kansa raguwa yake.

Ga yadda yake aiki. A tasha guda, wato yankin zangon rediyo da akwati ke aiki a kai, na'ura ɗaya ce ke iya magana a lokaci guda, ko waya ko akwatin. Duk mai son aikawa sai ya saurara ya ji shiru, sannan ya zaɓi lamba tsakanin 0 da 15 kamar mai jefa ƙuri'a, ya ƙirga ƙasa, kowace lamba mikrosakan 9, wato kashi 9 cikin miliyan na sakan. In wani ya fara magana sai ya dakatar da ƙirgar har a gama. Wanda ya fara kaiwa sifili shi ke aikawa. Idan biyu suka kai tare an yi karo, duka biyun sun lalace, kowa ya ninka tazararsa zuwa 31, in an sake karo 63, har zuwa 1023, kuma bayan ƴan gwaje-gwaje, galibi 7, a jefar da ƙunshin. Kamar fada ce da babu shugaba: in mutum biyu ko uku ne ake shan shayi hira na tafiya, in aka kai ashirin kowa na son magana rabin lokacin a "tsaya in gama" yake ƙarewa. Lissafin ma mai sauƙi ne. In wayoyi 5 suka jefa ƙuri'a tare cikin lambobi 16, yiwuwar biyu su faɗa lamba ɗaya kashi 50 ne bisa ɗari. In 10 ne, ya kai kashi 97. Wayoyi 10 da ke aikawa a warwatse ba za su cika haɗuwa ba, amma 10 da suka farka tare sai sun yi karo.

Giuseppe Bianchi na Italiya shi ya fitar da fitaccen lissafin wannan tsari a 2000, kuma har yau da shi ake farawa. Sai dai a san abin da ya ɗauka: kowace na'ura kullum tana da abin aikawa, kowa yana jin kowa, iska kuma ba ta lalata ƙunshi sai ta hanyar karo. Lissafin na da amfani domin yana ba ka ƙarfin rezo a lokacin da gungu ya sauka, amma ba ya gaya maka sau nawa gungun ke sauka ko tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya wuce. Sauran sharuɗɗan biyu kuma ba su cika a garinmu. Katangar ƙasa ta Birni mai kauri, da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe, suna sa wayoyi biyu su riƙa jin akwati amma ba su jin juna. Kowace ta saurara ta ji shiru, ta aika, su yi karo a bakin akwatin, kuma ƙuri'ar nan ba ta raba su tunda ba su san da juna ba.

Lambar da ke jikin kwali ma ba ita ce ke isa hannu ba. A gudun megabit 54, ƙunshi mai bit 12,000 yana cin mikrosakan 222 a iska, amma in ka haɗa da saurare da ƙirga da gabatarwa da amsar "na karɓa", ya kusa 400. Abin da ke wucewa bai fi megabit 30 ba, shi ma in na'ura ɗaya ce ke aikawa babu abokin takara. Sababbin akwatuna suna ɗaure ƙunshi da yawa su aika tare, abin ya fi haka kyau, amma har yanzu wanda ya yi lissafi da lambar kwali ya ninka gaskiya.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yadda waya ɗaya mai nisa ke jan kowa ƙasa, domin gyaransa ba ya cin ko dala. Wasu masu bincike a Grenoble ta Faransa, Martin Heusse da abokansa, sun bayyana shi tun 2003. Tsarin ƙuri'a yana raba dama daidai, ba ya raba lokaci daidai. Yaron da ke zaune gindin akwati yana aika ƙunshinsa cikin milisakan 0.4 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Wanda ke can bakin titi bayan katanga biyu, wayarsa ta sauka zuwa megabit 1, nasa ƙunshin sai ya ci sama da milisakan 12. Suna karɓa-karɓa, ƙunshi ɗaya ɗaya, sai ka ga kowannensu bai samu ko megabit 1 cikakke ba, alhali na kusa shi kaɗai zai iya samun 30. Mai wifi da ke ƙure ƙarfin akwatinsa domin alamar ta kai unguwar gaba yana janyo wa kansa irin waɗannan wayoyi ne. Akwatin na da babbar murya, wayar kuwa raɗa take yi, sai ka ga sanda huɗu a fuskar waya amma saƙo ya ƙi tafiya. Maganin a shiga saitin akwati a kashe tsofaffin gudu na megabit 1 da 2 da 5.5 da 11, a sa mafi ƙaranci ya zama 12, a kunna rabon lokacin iska in akwatin na da shi, a rage ƙarfin watsawa, sannan a ƙara akwati na biyu inda na farko bai kai ba. A haɗa su da wayar kebul, wadda ke iya kai mita 100, domin na'urar maimaita alama mai rediyo guda tana karɓa ta sake aikawa a tasha ɗaya, kowane ƙunshi ya ci iska sau biyu.

Haka batun sunaye. Kowane sunan wifi da ka buɗe yana shelar kansa kusan sau 10 a sakan, kuma da mafi ƙarancin gudu yake yi. Shela mai okte 300 a megabit 1 tana cin kusan kashi 2.5 bisa ɗari na lokacin tasha. Akwati 4 na maƙwabta a tasha ɗaya, kowanne da suna 3, kusan kashi 30 ya tafi tun ba a aika komai ba. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi 3 ne kawai ba su taka juna, 1 da 6 da 11, kuma faɗin megahaz 20 ya kamata a tsaya a kai. Masu wifi na layi ɗaya a kasuwar Dole ko kusa da tashar mota da za su zauna su raba tashoshin nan a tsakaninsu, su tura duk wayar da ke iyawa zuwa gigahaz 5, da kowa ya ci riba.

To tike nawa za a sayar? Ga lissafin da mai takarda da biro zai iya yi. A ɗauki kowane mai amfani a matsayin fitila, ko a kunne ko a kashe. A misalinmu, in yana kunne yana jan megabit 4, kuma kashi 10 bisa ɗari na lokaci yake a kunne. Hanya mai megabit 20 na ɗaukar mutum 5 a kunne. Da mutum 20, yiwuwar a wuce 5 kusan kashi 1 ne bisa ɗari, kimanin sakan 40 a awa. Da mutum 30, matsakaicin ci kashi 60 ne kawai na hanyar, amma kashi 7 na lokaci an wuce ƙarfinta, sama da minti 4 a kowace awa. Da mutum 40, matsakaici kashi 80, cushewa kuma kusan kashi 21, minti 12 a awa. An ninka mutane sau biyu, wahala ta ninku kusan sau ashirin. Waɗannan lambobi na misali ne, kowa ya auna nasa ya sa a gurbinsu, amma siffar sakamakon ba ta canzawa.

Wannan lissafi kuma ya ɗauka cewa kowa da ransa yake kunnawa. Mu kuwa jama'a ce mai yin abu tare. In wuta ta dawo akwati ya tashi, wayoyin unguwa duka su haɗu a sakan ɗaya, kowace ta fara sauke saƙonnin da suka taru da sabunta manhajoji. Haka bayan shan ruwa da azumi, da fitowar ɗalibai daga aji, da ranar da sakamakon BEPC ko BAC ya fito, da lokacin kokowar takobi in ɗan jiharmu ya shiga fili, da ranar Alhamis ta kasuwa. A irin wannan lokaci kashi 10 ɗin nan na iya zama 50, mutum 30 su nemi megabit 60 a hanyar 20. Don haka lissafi biyu ake yi, na lokacin da aka saba da na lokacin taro, kuma a yanke shawara tun farko wanne za a sadaukar in taro ya zo. Ra'ayinmu, saukar da manyan abubuwa ya jira, murya ta wuce.

A nan ne batun ma'ajiyar jira ya shigo. Akwatuna da yawa suna da wurin tara ƙunshi mai girma, da nufin kada a zubar da komai. Ma'ajiya mai ƙunshi 256 ta ƙunshi bit miliyan 3 da ɗoriya. In hanyar fita megabit 2 ce, kuma wani ya fara tura bidiyon biki, ma'ajiyar ta cika, duk ƙunshin murya da ya zo sai ya jira sakan ɗaya da rabi. Shawarar G.114 ta ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce jinkirin murya a tafiya ɗaya ya tsaya ƙasa da milisakan 150 in ana son hira ta tafi daidai. An wuce shi ninki goma. Jim Gettys ya ja hankalin duniya kan wannan cuta a 2010, a 2012 kuma Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar da CoDel, dabarar da ke duba tsawon lokacin da ƙunshi ya yi a layi, in ya zarce milisakan 5 na tsawon milisakan 100 ta fara jefar da ƴan kaɗan domin mai aikawa ya sassauta. Ƴaƴanta, fq_codel da CAKE, suna ba kowace hira nata ƙaramin layi, ta yadda ƙunshin murya ba ya tsayawa bayan bidiyon wani. Suna cikin OpenWrt, manhajar kyauta mai tafiyar da akwatin wifi, suna cikin RouterOS, manhajar akwatin MikroTik, daga zubi na 7. Sharaɗin aikinsu shi ne a sa iyakar gudu kashi 85 zuwa 90 bisa ɗari na abin da aka auna, domin layin ya taru a akwatinka inda kake da iko, kada ya taru a na'urar kamfani. Wanda ke kan tauraron ɗan adam, inda gudu ke hawa da sauka, ya ɗauki ƙaramar lambar da ya saba gani da dare. Iyakance kowane tike da adadin mega yana da kyau, amma shi kaɗai ba ya hana wannan jira.

Ƙananan na'urori masu auna sanyin firjin allurai, ko cikar tankin ruwa, ko batirin sola, su ma sun fara shigowa, kuma gungu ya fi yi musu illa. Masu aiki da Zigbee, wani tsarin rediyo na ƙananan na'urori, gudunsu kilobit 250 ne a sakan, ƙunshi mafi girma okte 127, yana cin kimanin milisakan 4.3. A saitin asali na'ura na leƙa tasha sau 5, in duk ta tarar ana magana ta haƙura, kuma jimlar jiran bai wuce milisakan 37 ba. In na'ura 50 suka farka tare bayan ɗaukewar wuta, suna bukatar aƙalla milisakan 215, don haka mafi yawansu za su haƙura kafin layi ya zo kansu, a daidai lokacin da aka fi bukatar labarinsu. A sa kowace ta jira wani lokaci na ƙuri'a tsakanin sifili da sakan 10 kafin ta yi magana, a kuma ajiye su a tashar Zigbee ta 15 ko 20 ko 25, waɗanda ke tsakanin tashoshin wifi. Bluetooth na tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1600 a sakan, yana kuma kauce wa masu hayaniya, shi ya sa ya fi jurewa, amma a zango ɗaya suke duka.

Awo ba shi da wuya. A sa kwamfuta a kan wifi ta riƙa aika ping, wato ɗan saƙon gwaji mai auna lokacin zuwa da dawowa, sau 5 a sakan zuwa wuri biyu, akwatin kansa da wani adireshi na waje. In jinkirin zuwa akwati ya tashi, matsalar a iska take, ƙarin mega daga kamfani ba zai taɓa ta ba. In na akwati na kwance na waje ne ya tashi, a dubi hanyar fita da ma'ajiyarta. A gwada ƙarfin iska da manhajar awon gudu iperf3 tsakanin na'urori biyu na cikin gida, a kusa da kuma inda mutane ke zama da gaske. A yi awon daga Magariba zuwa ƙarfe 11 na dare, mako guda cur, har da Alhamis da Juma'a. Kada a ɗauki matsakaici: a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, a dubi na 95 da na 99 cikin kowane ɗari. Mai son sanin girman gungu ya ɗauki bayanai da Wireshark, manhajar da ke kama ƙunshin da ke wucewa, ya ƙidaya ƙunshi a kowane milisakan 10, da 100, da sakan ɗaya, ya raba ma'aunin warwatsuwar ƙidayar, wanda masu lissafi ke kira variance, da matsakaicinta. A Poisson amsar 1 ce a kowane ma'auni. In tana hawa yayin da ma'auni ke faɗaɗa, to lissafin aji ba zai yi ba, sai a zuba ainihin bayanan cikin manhajar kwaikwayo irin ns-3, wadda kyauta ce. Lokaci da girman ƙunshi kawai ake bukata. Abin da mutane ke faɗa wa juna amana ne, ba a taɓa shi, kuma a nemi izinin mai wuri kafin a ɗauka. Kada a manta da zafi: akwatin roba da aka rataye ƙarƙashin kwano a watan Afrilu zai riƙa sake tashi da kansa, kuma kowane tashi sabon gungu ne.

Kiranmu ga shugabannin makarantu da asibitoci da ofisoshi, da duk mai sa hannu a kwangilar wifi, shi ne a daina karɓar takardar da ba ta ce komai ba sai yawan mega da yawan akwati. A rubuta cikinta adadin wayoyin da kowane akwati zai ɗauka a lokaci guda, da ƙarfin alama a kowane ɗaki, wanda ake aunawa da dBm, kuma bai kamata ya gaza dBm 67 ƙasa da sifili ba inda za a yi kira, da jinkirin da ba za a wuce ba a awo 95 cikin ɗari yayin da rezo ke cike. A yi gwajin karɓar aiki da ɗalibai ko ma'aikata a zaune kowa da wayarsa, a ce su buɗe bidiyo tare, wani kuma yana kira, kafin a biya kason ƙarshe. Muna kuma roƙon malaman kimiyya na jami'armu ta André Salifou su ba ɗalibai wannan aiki a matsayin bincike na ƙarshen karatu: su auna wurare uku ko huɗu masu hali dabam, na ɗalibai da na kasuwa da na unguwa, su fitar da lambobin kunnawa da kashewa irin na mutanenmu, da yawan abin da katangar ƙasa da ta siminti ke ragewa a kowane zango, su buga da Hausa da Faransanci domin masu haɗa rezo su samu abin dogara.

Mun gode da fili. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan rezo da malaman lissafi,
Damagaram